Askin da Na Sa Aka Yi wa Auta a Marwa

Assalamu alaikum. Ina roƙon Edita ya ba ni fili, ya kuma sakaya sunana.

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Laraba, na dawo daga sallar la'asar ke nan, mu uku ne a falon gidana da ke unguwar Waziriyya a Jidda: ni, da matata, da autar ɗakinmu. Daga nan zan fara, domin a wannan zama na ɗauki alkawarin da na karya. A lokacin ina aiki a tashar jiragen ruwa ta Jidda, ni ne shugaban leburori masu sauke kaya a wani sito. Iƙamata, wato takardar izinin zama, lafiya lau take, kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, bai taɓa jin ƙarata ba. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma ni mutum ne mai son tsari. Kowane kaya da layinsa, kowane mutum da wurinsa. Haka nake tafiyar da sito, haka nake tafiyar da gida, kuma na ɗauka haka duniya take gaba ɗaya.

Dole in yi bayanin Auta kafin in ci gaba. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni ne babba. Namiji aka haifa, aka yanka rago, aka raɗa sunan maza. Amma tun da ta yi wayo take cewa ita mace take jin kanta, ba kwaikwayo take yi ba, ba kuma wasa ba. A gida an kira ta ɗan daudu, mahaifinmu ya doke ta har ya gaji. A wannan wasiƙa zan riƙa cewa ita, domin haka duk wanda ya zauna da ita a nan ya san ta, kuma ta daɗe tana roƙona wannan na ƙi. Bayan rasuwar mahaifinmu na nemo mata bizar umara, na kawo ta Jidda, na sa ta ɗaukar buhu a ƙarƙashina, a zatona aikin ƙarfi zai gyara abin da bulala ta kasa. Leburori suka sa mata suna amarya. Ba ta cika wata shida ba ta gudu.

Daga baya na ji tana unguwar Nuzla, a gidan wata tsohuwa 'yar ƙasarmu wadda ta san komai kuma ta rufa mata asiri. Ta sa abaya da niƙabi, da safe tana soya masa a bakin lungu, da rana tana bin gidaje tana yi wa mata kitso da lalle. Unguwa ta san ta a matsayin bazawara marar haihuwa. Sau ɗaya na je, na tsaya a tsallaken hanya na ga mutane sun yi layi a gaban tandarta suna yi mata ba'a tana ramawa, ana ta dariya. Na juya na ce halas, shi ke nan, ni ba ni da ƙane. Shekaru masu yawa muka yi a gari ɗaya, ko barka da salla babu.

Abin da ya sa na kira ta a wannan Laraba shi ne Innarmu. Ta zo umara da ayarin garinmu, kuma ta ce idan sun gama za ta yi 'yan kwanaki a wurina, tana son ta sake wata umarar tare da 'ya'yanta biyu, ta kai ladan ga mahaifinmu. Inna ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani, sai haske da inuwa take gani. Duk shekarun nan ina gaya mata a waya cewa Auta yana nan yana aiki a wani kamfani, ba ya samun hutu. Yanzu ga ranar da ƙarya za ta ƙare.

Na shimfiɗa wa Auta sharuɗɗa kamar yadda nake ba leburori umarni. Da farko za ta dawo gidana kafin Inna ta iso. Bayan haka za ta ajiye abaya, ta sa jallabiya da hula, ta goge lallen hannunta. Daga ƙarshe za ta ɗaura haramin maza ta tura Inna a keken guragu a Makka kamar kowane ɗa. Tana zaune a ƙasa ta sunkuyar da kai, har na gama ba ta katse ni ba. Sai ta ɗago ta ce Yaya ya tsufa amma bakin yana nan kamar na ɗan sanda. Matata ta ƙyalƙyale da dariya, na harare ta ta yi shiru. Auta ta ce ta yarda da duka, domin ita ma ta yi kewar ƙamshin zanen Inna, amma tana da roƙo guda biyu. Ɗaya, kada in ɗauko direba daga cikin mutanenmu. Ɗayan kuma, in bar mata gashinta. Ta zame ɗankwali ta nuna mini, ya sauko har kafaɗa. Ta ce a cikin mata ba a zama da lulluɓi, mai kitso kuma ba ta shiga gidan biki da ƙwaryar kai. Ta ce jallabiya ana cirewa, lalle ana sakewa, amma gashin nan shi ne hanyarta ta komawa gidanta na Nuzla. Ta tuna mini cewa ko ga namiji saisaye ya wadatar bayan umara, ba dole sai an aske ba. Na ce na ji. Ta ce ba ji take nema ba, alkawari take nema. Na ce na yi alkawari, matata shaida.

Ta yi nata ɓangaren fiye da yadda na nema. Ta dirje hannuwanta da lemon tsami da omo har fata ta yi saɓa. Ta warware kitso, ta tufke gashin a baya, ta danne shi da hula. Ranar da Inna ta iso, Auta ta durƙusa a gabanta cikin farar jallabiya, ta gaishe ta da wata murya mai kauri da ta aro. Inna ta jawo ta kusa. Ta miƙa hannu ta shafa goshinta, da kumatu, ta sauko kan kunne, ta tsaya a kan hudar kunnen tana murzawa. Sai ta ture hular, ta cusa yatsu cikin gashin, ta yi dariya ta ce lallai gashin kakarta ne sak, kuma wannan kai yana shan mai, ba kamar na wasu ba da ya zama filin ƙwallo. Da ni take. Na ɗauka ruɗun tsufa ne. Washegari Auta ta soya mata masa, Inna ta ci ta ce wa matata ta zo ta koyi girki, wai shekara nawa tana ba ɗanta duwatsu da sunan masa. Gidan ya cika da hira yadda bai taɓa yi ba. Ni kaɗai nake kai da komo tsakanin falo da ƙofa, ina leƙen ko wani maƙwabci zai shigo.

Roƙonta na farko shi na fara takewa. Auta ba ta da takarda ko ɗaya, kuma akwai shingen bincike a hanyar Makka. Muddin tana cikin niƙabi ba kasafai ake kula ta ba, amma ga ta yanzu a kayan maza, fuska a buɗe. Direban da ya san lokacin da za a wuce da hanyar da za a bi, a cikin mutanenmu kawai ake samunsa. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani. Ban tambayi unguwarsu ba. Da muka fito da safe Auta ta gan shi, sai ta tsaya cik a bakin ƙofa, ta matso ta raɗa mini cewa mutumin nan ɗan Nuzla ne, kullum yana sayen masa a wurinta. Na ce ai bai taɓa ganin fuskarta ba, yalla mu tafi, rana tana yi. Ta ja mayafin haramin ta rufe kafaɗu biyu da hannuwa, ta shiga baya kusa da Inna. Ta yi niyyar yin shiru har Makka. Amma wa zai yi shiru Inna tana magana? Ta tambayi ruwa, ta tambayi ko an ɗauko maganinta, ta tambayi sunan kowane dutse. Auta tana amsawa, wani lokaci muryar aron ta kuɓuce mata. Da ta miƙa wa Inna gorar ruwa, mayafin ya zame, tabon ƙunar tanda da ke wuyan hannunta ya fito fili. Na ga direban yana yawan duba madubi. Na ce a raina kallon hanya yake.

Mun yi ɗawafi lafiya. Auta ce ta tura keken tun daga farko har ƙarshen Safa da Marwa, ba ta bari na karɓa ba. Tana karanta wa Inna addu'a a kunne, Inna tana maimaitawa tana kuka. Da na duba wannan kaɗai da ya ishe ni. Amma a harami namiji ba ya rufe kai, don haka gashin nan yana waje, ga hudar kunne, ga tafiyarta da ba ta iya ɓoyewa. Wurin cike yake da mutane kala-kala, har da maza masu dogon gashi daga ƙasashe daban-daban, kuma yau na tabbata babu wanda ya damu da mu. A ranar kuwa ji nake duk idon da ke masallacin a kaina yake. Wasu samari biyu masu jin Hausa suka wuce suna dariya, ban ma san abin da ya ba su dariya ba, na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Da muka fito ta Marwa, na kai keken Inna inuwa na ce ta jira mu. Na kama hannun Auta na ja ta shagon masu aski. Ta ce ai da almakashi za a ɗan rage, ko a nan waje ma ya yi. Na ce ta shiga. Aka yi mini nawa tas. Na tashi na zaunar da ita a kujerar, na ce wa mai askin da Larabci ya sa aska, ya kwashe duka. Ta kalle ni ta cikin madubi ta ce Yaya, alkawari fa. Na ce a nan gaban ɗakin Allah ne, ba lungun Nuzla ba, kuma aski ya fi lada. Na san ba za ta yi gardama ba. Ga 'yan sanda a bakin ƙofa, ga ta ba takarda, ga Inna a waje. Da wannan sanin na yi amfani, kuma shi ne abin da ya fi damuna har yau. Ba ta yi kuka ba. Ta rufe ido, gashin yana zuba a kan farin mayafi, mai askin yana ta hira da abokinsa, ya share ya zuba a kwandon shara.

Muka koma wurin Inna. Muka same ta ta buɗe jakarta, tana riƙe da wani ɗan ƙaramin almakashi. Masu karatu sun san al'ada: mace idan ta gama umara, gwargwadon gaɓar yatsa ake yanke mata daga gashinta, kuma sau da yawa mata su kan yi wa junansu. Inna ta ce Auta ta matso ta yanke mata, in ta gama ita ma ta sunkuyo a yanke mata nata. Ta ce tun daga gida ta sayo almakashin saboda haka. Auta ta sa hannu ƙarƙashin hijabin Inna ta yanke 'yar furfura. Sannan ta durƙusa. Inna ta miƙa hannu tana laluben gashi, tafinta ya sauka a kan fatar kai. Ta shafa gaba, ta shafa baya. Ta daɗe hannun yana wurin. Sai ta juyo da fuskarta daidai inda nake tsaye, kamar mai gani, ta tambaya ko aikina ne. Na ce sunna ce, Inna.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in tsuguna. Ta ce ita ta goyi Auta, ita ta gan ta tana shekara biyar tana ɗaura ɗankwali tana goya totuwar masara, ita ta riƙa ɓoye ta a bayan tukunyar ruwa idan mahaifinmu ya ɗauko bulala. Ta ce duk ƙaryar kamfani da nake yi mata a waya tana ji ne kawai, domin matan garinmu da ke zuwa umara sun daɗe da kai mata labarin wata mai masa a Jidda wadda hannunta irin na gidanmu ne. Ta ce ita ba malama ba ce, ba ta zo yanke hukunci ba, Allah ne ya san abin da ya halitta a cikinta, ita dai ta zo ta taɓa abin da ta haifa kafin ta mutu. Ta ce turmin atamfa biyu ne a akwatinta, ɗaya na matata, in yi tunanin ko ɗayan na wane ne. Daga nan ta mayar da almakashin jaka, ta ce a kai ta mota.

Muka dawo Jidda. A ƙofar gida, ina sallamar direban, sai ya leƙo ta taga ya dubi Auta da ke ƙoƙarin sauko da Inna. Ya yi murmushi, ya ce Hajiya, gobe da safe akwai masa kuwa, ko an tafi hutu? Ya ja motarsa. Auta ta tura keken Inna cikin gida.

Kwana biyu ba a yi ba tsohuwar Nuzla ta bugo waya. Matata ce ta ji, ta gaya mini. Labari ya gama unguwa. Mazan da matansu suka zauna kai a buɗe a gaban Auta sun taru a ƙofar gidan, an fasa tandar, an watso kayanta waje, wasu suna cewa za su kai rahoto. Tsohuwar tana kuka ta ce kada ta kuskura ta dawo, ita ma ta kanta take yi. Ba zan ce mutanen nan ba su da abin faɗa ba, domin ni ma da matata ce da na yi fushi. Amma a duk shekarun da ta yi a cikinsu babu mace ɗaya da ta ce Auta ta taɓa yi mata kallon banza. Ta yi wa amarensu lalle, ta yi jinyar marasa lafiyarsu, ta kai abinci gidan makokinsu. Wanda ba shi da iƙama ba shi da ƙofar kai ƙara. Irin Auta kuwa, ko da iƙamar, idan ta je ƙara ita za a fara kamawa. Ɗaki ɗaya gare ta, da sana'a, da mutanen da ke gaishe ta da safe, kuma a yini ɗaya na raba ta da su duka.

Ta zauna har Inna ta gama kwanakinta. Tana yi mata wanka, tana matsa mata ƙafa, kanta ɗaure da tsohon ɗankwalin matata, ni kuma ban iya cewa ta cire ba. Ba ta ƙara yi mini magana ba sai gaisuwa. Na shirya a raina cewa idan Inna ta tafi zan zaunar da ita mu tsara abin yi, har na jera matakan. Ranar tafiya na raka Inna filin jirgi. Da na dawo na tarar da jallabiyar a ninke a kan kujerata, hular a samanta. Matata ta ce ta roƙi tsohuwar abaya, ta ɗauki turmin atamfarta, ta fita. Na hau matata da faɗa don me ba ta hana ta ba. A zamanmu ba ta taɓa mayar mini da magana ba sai ran nan. Ta ce ita shaida ce a kan alkawari, ba mai gadi ba.

Shekara uku ke nan. Na zaga Nuzla har yara sun gane ni. Na je wasu unguwannin da mutanenmu ke zaune. Na sa an tambaya mini a gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, aka ce a ɓangaren maza ko na mata, da wane suna, na rasa amsa. Wani ya ce an gan ta a Madina, wani ya ce an mayar da ita gida tuni, wani ya ce ƙarya ne. Ni da ban taɓa ɗaga ido na kalli matar wani ba, yau a kasuwa sai in kama kaina ina bin hannun masu niƙabi da kallo. Ko'ina na ji ƙamshin masa sai na tsaya. A sito na fara rikita layin kaya, har kafilina ya tambaya ko lafiya. Shagon aski kuwa ban ƙara shiga ba, matata ke rage mini a gida. Inna tana raye. Duk Juma'a ina kiranta, ba ta taɓa zagina ba. Tambaya ɗaya take yi kafin mu yi sallama: wai a ganina yanzu gashin ya kai kafaɗa?

Ni ba malami ba ne, kuma ban rubuto don in ba da fatawa ba. Har yanzu akwai abin da ban gane ba game da Auta, wataƙila in mutu ban gane ba. Abin da na sani shi ne, ranar nan a Marwa ba Allah na ji tsoro ba. Da shi na ji tsoro da ban karya alkawari ina cikin harami ba. Idon mutane na ji tsoro, mutanen da ba su san sunana ba, na ɗauki sunna na yi sanda da ita. Duk mai irin Auta a gidansa, ɗa ne ko ƙane, ina ja masa kunne. Kana iya ƙin yarda, wannan tsakaninka da zuciyarka ne. Amma kada ka tona abin da Allah ya rufa, kada ka yi amfani da rashin gatan mutum ka tanƙwara shi, kuma kafin ka gyara wani don tsohuwarka, fara tambayar tsohuwar abin da ta sani. Gashi yana tsirowa, amma wurin zama idan ya rushe wa marar takarda a ƙasar mutane, ba ya tsirowa.

Ga roƙona. Ba zan siffanta ta fiye da haka ba, domin na riga na ga abin da tonawa take haifarwa. Idan kin karanta wannan kin gane maƙwabciyarki, ko ka gane mai sayar maka da masa, don Allah kada ka gaya wa kowa, kada ma ka neme ni ka gaya mini inda take. Ka sami lokacin da ba kowa, ka karanta mata wannan shafi. Ka ce mata lambar Inna ba ta canja ba, almakashin yana nan a jakarta, kuma ta tsufa ƙwarai. Ni ko ba ta yafe mini ba, ta kira Inna ta amsa mata tambayarta. In kuma wata rana ta ga dama, gidan Waziriyya yana nan inda ta bar shi, ta shigo da kayan da ke jikinta.